Yadda za a hana ɗalibai waya a makarantar gwamnati kuma dokar ta zauna: jagora ga makarantun Arewacin Kamaru

Rubuta "an haramta waya" a takardar dokokin makaranta ba shi da wuya, kuma makarantu da dama a Garwa, Marwa da Ngaundare sun daɗe da rubuta shi. Inda ake shan kaye shi ne abin da ya biyo baya. Ina wayar za ta zauna daga ƙarfe 7:30 na safe zuwa lokacin tashi? Wa zai biya idan ta ɓata? Ta wace hanya uwa za ta sami ɗanta idan wani abu ya taso da rana? Makarantar da ba ta amsa waɗannan tambayoyi uku ba, dokarta ba ta wuce wata guda. Sai a koma ƙwace na lokaci-lokaci, yau a yi zafi gobe a saki, yara kuma su gane cewa abin sa'a ne kawai.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. Faransa ta kafa doka a watan Agusta 2018 da ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare, kuma rahoton UNESCO na 2023 ya ba da shawarar kada a bar na'ura ta shiga aji sai idan tana taimaka wa karatu. Amma tsarin da ya yi aiki a ajin yara 25 ba zai ɗauku kai tsaye zuwa ajin yara 80 mai rufin kwano ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A fara da ƙidaya, kafin a yanke komai

Mako guda kafin a zauna kan doka, a bi aji-aji a ƙirga masu zuwa da waya. A gaya wa yara a fili cewa wannan ƙidaya ce, ba za a karɓe ta kowa ba, in ba haka ba za su ɓoye kuma lissafin ya lalace. A rubuta abu uku: yawan masu waya a kowane aji, nawa ne manyan wayoyi masu intanet nawa ne ƙanana masu maɓalli, da dalilin da ya sa yaron yake zuwa da ita.

Dalilin nan shi ne abin da aka fi tsallakewa, alhali shi ke nuna inda dokar za ta karye. Za a tarar da yaron da ya baro ƙauye yana haya a gari shi da abokansa, ɗakin ba shi da ƙofar kirki, idan ya bar wayar a gida ba zai dawo ya same ta ba. Kuɗin abincinsa ma ta Orange Money ko MoMo na MTN ake turo masa. Za a tarar da yarinyar da ke hawa babur daga unguwa mai nisa, mahaifinta ya ce lallai ta kira idan ta isa. A yankunan Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari, inda aka sha wahalar rashin tsaro, iyaye ba za su yarda ɗansu ya yi nisa ba tare da hanyar jin muryarsa ba, kuma suna da gaskiya. Akwai mai zuwa da ita don ya yi caji saboda babu wuta a gida. Akwai 'yan ajin kimiyya da suka mai da ita na'urar lissafi.

Daga ƙidayar ne za a zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko dai a ce waya ba ta shigo harabar makaranta sam, ko a ce tana shigowa amma a kashe ta a miƙa ajiya. Ga 'yan aji shida da aji biyar, wato sizyem da sankyem, shekaru biyun farko na sakandare, hanawa gaba ɗaya tana yiwuwa, domin kaɗan ne ke da ita. Daga aji uku, wato shekara ta huɗu a sakandare, zuwa taminal, ajin ƙarshe, kuwa, mu dai ajiya muke ba da shawara. Hanin da ya fi ƙarfin abin da makaranta za ta iya tsarewa yana koya wa yara ɓoyo ne, ba biyayya ba. Tsarin "ta zauna a jaka a kashe" shi ne mafi rauni duka. Malami ɗaya ba ya iya lura da jakunkuna 80 yana kuma rubutu a allo.

Rubuta dokar da shigar da ita ta ƙofa

Dokar ta shiga cikin takardar dokokin cikin gida, majalisar gudanarwar makaranta ta amince da ita, sannan a karanta ta a babban taron ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, a farkon shekarar karatu. Ba a fafe gora ranar tafiya: a shirya rubutun tun lokacin babban hutu domin ya fara aiki da komawa makaranta a Satumba. Dokar da aka sanar da ita kwatsam a tsakiyar zango, bayan wani abin kunya ya faru, da fushi ake rubuta ta, kuma da fushi iyaye ke karɓarta.

Kada rubutun ya wuce shafi ɗaya. Ya ambaci na'urorin da sunansu: waya babba da ƙarama, kwamfutar hannu, agogon da ke haɗuwa da waya, abin saurare na kunne mai igiya da marar igiya, da ƙaramar lasifika. Idan aka rubuta "waya" kawai, wanda aka kama da agogo zai ce ba a hana shi ba, kuma a takarda shi ke da gaskiya. Ya faɗi lokaci, daga shigowa ƙofa har fita, haɗe da lokacin shan iska, domin a lokacin ne ake ɗaukar hotunan da ke jawo faɗa. Ya faɗi wanda ke da ikon karɓa, inda ake ajiyewa, ranar mayarwa, da hukunci mataki-mataki.

A taron iyaye a karanta shi da Faransanci, a fassara da Fulatanci da Hausa, a Kusri a ƙara da Larabcin Shuwa. Kowane uba ko mariƙi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a ƙasan takardar, ya rubuta lambar wayarsa. Yana da kyau a kai wa jauro ko lawan na unguwa kwafi, da limamin Juma'a da shugaban majami'a, domin ranar da uba ya fusata wurinsu zai fara kai ƙara.

Akwatin ajiya: girma, kaya da wurin zama

Kada a karɓi waya a bakin ƙofar makaranta. Lissafin a bayyane yake: makaranta mai waya 1,000, idan kowace ta ci daƙiƙa 10 wajen karɓa da rubutawa, an kusa awa uku ke nan. A karɓa a cikin aji. Waya 60 a daƙiƙa biyar-biyar minti biyar ne, daidai lokacin kiran suna.

Kowane aji ya sami akwatinsa na katako. Ga awon da za a ba kafinta don waya 60: layi biyu, kowanne rami 30. Faɗin kowane rami santimita 2, katakon da ke raba ramuka rabin santimita, sai tsawon akwatin ya kama santimita 75 a ciki. Kowane layi ya yi faɗin santimita 10, domin manyan wayoyi kan kai santimita 8 idan suna cikin riga. Zurfi santimita 14, yadda kan wayar zai leƙo a iya kama shi da yatsa biyu, murfin kuma ya zama mai zurfin santimita 5 don kada ya danne gilashi. A shimfiɗa soso ko guntun bargo a ƙasa. A rubuta lamba da fenti a gefen kowane rami, ba da alli ko takarda mai manne ba, waɗannan ba sa kai mako biyu. A yi hannaye biyu a gefe, saboda waya 60 kaɗai sun kai kilo 12, ban da nauyin akwatin. A huda ƙananan ramukan iska a bangon gefe.

Makarantar da ba ta da ƙarfin katako tana iya ba tela ya ɗinka rataye na yadi mai kauri, aljihu 60 a layi shida, kowane aljihu faɗin santimita 10 da zurfin 15. Yana da araha, kuma malami yana ganin aljihun da babu kowa daga inda yake tsaye. Aibinsa ba ya kulluwa, don haka sai dai a ajin da ake kulle ƙofarsa lokacin shan iska.

Akwatin ƙarfe irin na amare, a guje shi. A Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa yana haura digiri 40 a inuwa. Akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano, ko kusa da tagar da rana ke bugawa, tanda ce. Batirin waya ba ya jure irin wannan zafin: yana saurin mutuwa, yana kumbura, wani lokaci ya kama wuta. Saboda haka ne ma ake cewa a kashe wayar gaba ɗaya, ba a sa ta a shiru ba. Wayar da ke kunne tana neman layi tana ƙara zafi, sittin a wuri ɗaya kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Duk wayar da aka ga bayanta ya ɗago ko gilashinta ya fara rabuwa da jiki, batirinta ya kumbura, kada ta shiga akwati. A ajiye ta daban a kan siminti, nesa da takardu, a kira iyaye su ɗauka. A kuma hana caji a cikin akwati ko a soket ɗin aji.

Kwaɗo biyu ake sa wa akwati. Makulli ɗaya a hannun sufeton ɗa'a, wato surbeyan, ɗayan a hannun malamin da ke riƙe da ajin ko sansa, wato mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu. Shugaban aji yana iya taimakawa wajen ɗauka da kiran lamba, amma kada a ba shi makulli. Yaro ne, abokansa za su matsa masa, kuma ranar da waya ta ɓata shi za a fara zargi, a ɓata masa suna a banza.

Littafin rajista, wanda shi ne ƙashin bayan tsarin

A makon farko a buɗe babban littafi, shafi biyu ga kowane aji. A rubuta sunan ɗalibi, lambar raminsa, kamfanin wayar da launinta, halin da gilashinta yake, da lambar IMEI, wato lambar shaida da kowace waya ke da tata. Ana ganin lambar idan aka danna *#06#, tana da alƙaluma 15, waya mai layi biyu kuma tana nuna guda biyu. A rubuta ta farko cikakkiya. Wannan aikin yana cin awa guda ga kowane aji, sau ɗaya a shekara, kuma shi ke kashe gardamar "ba wannan ce tawa ba" da ta "lafiya lau na kawo ta, ku kuka fasa". A manna ƙaramar takarda mai lambar rami a bayan wayar, a rufe da salatif.

Kowace safiya malamin darasin farko yana kiran suna, ɗalibi ya taso ya nuna wayar tana kunne, ya kashe ta a gabansa, ya sa a raminsa. A yi alama a takardar rana. Wanda bai zo da ita ba a rubuta "babu". Nuna ta a kunne yana da dalili. Dabarar da ta fi yawa ita ce a miƙa gawar waya, tsohuwa da aka tsinto a gida, a bar mai rai a cikin safa ko ƙarƙashin hijabi. Wayar da ba ta kunnuwa ko ba ta dace da rajista ba, ba a karɓa a matsayin ajiya. A tuna musu su cire ƙararrawar tashi, domin wasu wayoyi suna bugawa ko a kashe suke.

Mai latti ya bi ta ofishin surbeyan ya ajiye kafin a ba shi takardar shiga aji. Mai fita da izini kafin lokaci ta nan zai bi ya karɓa, ya sa hannu.

Mayarwa ta fi karɓa haɗari. Idan aka buɗe akwati bayan an kaɗa ƙararrawa, yara 60 za su rufa a kansa, kuma nan ne waya ke ɓata. A kawo akwatin minti goma kafin tashi, kowa na zaune, a kira lamba biyar-biyar. Ranar Laraba da ake tashi da wuri a matso da lokacin. Wayar da ta rage a rami a rubuta ta, ta kwana a ofis a kulle.

Lambar makaranta

Idan an raba yaro da wayarsa, wajibi ne a ba iyaye wata ƙofa. A sayi ƙaramar waya mai layi biyu, a sa MTN da Orange, ta zauna a ofishin surbeyan tare da littafin saƙo. A buga lambar a takardar doka, a katin sakamako, da allon bakin ƙofa. Duk kiran da ya shigo a rubuta lokaci, sunan mai kira, ajin yaro da saƙon, a isar cikin minti goma idan na gaggawa ne. A ware ɗan kuɗin kati kowane wata daga asusun APEE domin yaron da ya kamu da ciwo a kira gidansu. Uwa ta kira sau biyu ba a ɗauka ba, gobe ita da kanta za ta ce wa ɗanta ya ɓoye tasa, kuma babu mai ganin laifinta.

Akwai waɗanda za a ba izini na musamman a rubuce: mai sikila, mai ciwon suga, mai farfaɗiya ko asma mai tsanani, da mai naƙasar gani ko ji da ke dogara da na'ura wajen karatu. Uba ya kawo takardar asibiti, shugaban makaranta ya sa hannu, a sanar da malaman ajin kaɗai ba tare da an tallata ciwon yaron ba.

Idan an kama waya

Malami ya nemi ɗalibin ya kashe ta da hannunsa ya miƙo. Ba fizga, ba zagi, darasi ya ci gaba. Bayan darasi a kai ofis, a rubuta rasit kwafi biyu mai ɗauke da suna, aji, rana, irin waya da halin gilashi, ɗaya ga yaro ɗaya ga ofis. Kada wayar ta kwana a aljihun malami ko gidansa ko da dare ɗaya. Idan za ta kwana a makaranta, a bar yaron ya cire layinsa, domin kuɗin cefanensa na iya kasancewa a ciki.

Matakan hukunci su zama sanannu. Karo na farko, a mayar da ita lokacin tashi tare da gargaɗi a rubuce. Karo na biyu, sai uba ko mariƙi ya zo da kansa. Karo na uku, majalisar ladabtarwa ta zauna, kuma ana iya hana shi zuwa da waya har ƙarshen zango. Ga yaron da iyayensa ke ƙauye, a karɓi mariƙin da aka rubuta sunansa tun farkon shekara, ko a yi magana da uban ta wayar makaranta.

Abubuwa huɗu ne ke rusa tsarin, kuma duk daga ɓangaren manya suke fitowa. Na farko fasa waya da guduma ko jefa ta a bokitin ruwa a gaban taro. Dukiyar iyaye ce, wani sai da ya sayar da buhun gero ko akuya ya saya, kuma babu abin da yaro ke koya daga wannan sai ƙiyayya. Na biyu tarar kuɗi a hannu. Da zarar an ce "kawo dubu biyu ka karɓi wayarka", ƙwace ya zama sana'a, ɗan mai kuɗi ya saya wa kansa izini. Na uku duka, wanda dokar tsarin ilimi ta Kamaru ta 14 ga Afrilu 1998 ta haramta a makarantu. Na huɗu buɗe wayar yaro a karanta saƙonninsa ko a kalli hotunansa. Idan akwai zargi mai nauyi, kamar ɗaukar hoton wata ɗaliba ba da saninta ba ko yaɗa tsiraici, a kashe wayar, a sa a ambulan a rufe a gaban shaidu biyu, a kira iyaye. Irin wannan laifin ya shiga ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta Disamba 2010, ba aikin surbeyan ba ne ya yi bincikensa shi kaɗai.

Wajen bincike kuwa, mace ce kaɗai ke duba ɗaliba, a cikin ɗaki, da wata mace a matsayin shaida. Abin kunne marar igiya yana ɓoyuwa a ƙarƙashin hijabi, gaskiya ne, amma namiji ya ce wa yarinya ta ɗaga hijabinta a gaban aji, ya kunna wutar da makaranta ba za ta iya kashewa ba.

Idan uba ya iso a fusace, a ba shi kujera tukuna. "Sannu da zuwa, Alhaji. Ga wayar yaronka, ba abin da ya same ta, ga rasit, ga kuma takardar da ka sa wa hannu a Satumba. Karo na biyu ke nan, shi ya sa muka ce sai mun gan ka." Yawanci maganar a nan take mutuwa, saboda yana ganin wayar da idonsa.

Kada a sayi na'urar toshe layi. Tana katse wayar maƙwabta da ta makarantar kanta, kuma harkar mitar sadarwa tana hannun ART, hukumar da ke kula da sadarwa a Kamaru, ba abin da makaranta za ta taɓa da ra'ayinta ba ne.

Malamai da abin da waya ke cikewa

Yara suna kallon hannun malami. Wanda ke amsa kira a tsakiyar darasi ya riga ya soke dokar a ajinsa. Malamai su amince a taronsu cewa tasu tana jaka a shiru, sai a ɗakin malamai. Tun da aka rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona, malamai da yawa suka saba tura darasi da aikin gida ta WhatsApp. Wannan yana iya ci gaba da yamma, da sharaɗin duk abin da aka tura a rubuta shi a allo ko a buga kwafi, don kada marar waya ya zama shi aka hukunta. 'Yan ajin kimiyya a sa na'urar lissafi a jerin kayan makaranta tun farko, tunda a ɗakin jarrabawar ƙasa ta BEPC, Probatoire da Bakaloriya ba a shiga da waya, gara hannu ya saba da abin da zai riƙe ranar. A rataya agogon bango a kowane aji, domin "lokaci nake dubawa" shi ne uzurin farko. Idan malami yana bukatar wayoyi don wani darasi, ya nemi izinin sansa kwana ɗaya kafin nan, a buɗe akwati a rufe a cikin awarsa.

Makonni biyun farko su zama na sabo: ana karɓa, ana gargaɗi, ba a kiran iyaye. Daga nan surbeyan ya riƙa ƙirga abu uku kowace Juma'a, wayoyin da aka kama aji-aji, waɗanda suka ɓata ko suka fashe a ajiya, da kiran iyaye da aka amsa. Bayan jarrabawar farko ta zango a zauna a duba. Ajin da kamunsa ya ƙi raguwa, a fara duba wanda ke ɗaukar darasin farko a cikinsa, sau da yawa shi ne ba ya buɗe akwatin. Wayar da ta ɓata a hannun makaranta bayan an rubuta ta, a biya mai ita daga asusun da majalisar gudanarwa ta ware tun farkon shekara, cikin wata guda, sannan a sauya kwaɗon akwatin ajin.